Babban kamfanin manhaja, sabon kamfani, aikin dala ko aikin gwamnati: wanne ya dace da matashin Zamfara?

Matashin da ya karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙauran Namoda, ko ta Abdu Gusau da ke Talatar Mafara, ya kammala bautar ƙasa, kuma hannunsa ya faɗa a rubuta manhaja, yakan sami kansa a gaban hanyoyi huɗu. Ko dai ya nemi babban kamfanin manhaja da ya daɗe da kafuwa, ko ya shiga sabon kamfani mai tasowa, ko ya zauna a gida yana yi wa 'yan ƙasar waje aiki ta intanet suna biyan sa da dala, ko kuma ya bi hanyar da iyaye suka fi sani, wato aikin gwamnati. Wannan rubutu na wanda ke tsakiyar wannan shawara ne, musamman wanda aka yi wa tayin aiki a babban kamfani a Legas ko Abuja, yana ta juya takardar a hannunsa, gida kuma ana jiran jin abin da ya yanke.

Ma'aunan da za a bi

Abubuwa biyar ya kamata a ɗora kowace hanya a kansu. Na farko shi ne kuɗin da zai rage a hannunka bayan an cire haraji da fansho, ka kuma biya haya da mota da abinci. Na biyu shi ne ɗorewar aikin. Na uku shi ne ilimin da za ka samu da matsayin da za ka kai nan da shekara biyar. Na huɗu shi ne wahalar shiga da wahalar zama, har da nisa daga iyaye. Na biyar shi ne haɗari, kuma a nan na haɗa da abin da ya shafi addini, domin mu a wurinmu tambayar halaccin abin da mutum yake ci ba ƙaramar tambaya ba ce.

Ma'auni na farko ne ya fi ruɗar mutane, saboda haka bari a yi lissafinsa tun yanzu. A ce an rubuta maka naira 600,000 a wata, a matsayin misali kawai. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa ma'aikaci ya ajiye aƙalla kashi 8 cikin 100, kamfani kuma ya ƙara masa aƙalla kashi 10. Idan aka lissafa fanshon a kan dukan albashin, naira 48,000 sun tafi ke nan. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a watan Janairun 2026 ta yafe naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara, sannan ta ɗora kashi 15 a kan miliyan 2.2 da ke biye, da kashi 18 a kan miliyan 9 da ke bayansu, tana hawa har zuwa kashi 25 ga masu samu mafi yawa. Da wannan lissafi harajin mai wancan albashi zai kai kusan naira 82,000 a wata, abin da zai shiga asusunsa kuma bai wuce kimanin 470,000 ba. Daga cikin wannan ne za a biya haya, kuma masu gidaje a Legas da Abuja sukan nemi kuɗin shekara guda a dunƙule, ga ladan dillali da kuɗin rubuta yarjejeniya. Duk wanda zai kwatanta tayi biyu, to ya kwatanta su bayan wannan lissafi, kada ya tsaya a kan adadin da ke saman takarda.

Babban kamfanin da ya kafu

Idan na ce kamfanin da ya kafu, ina nufin wanda ya yi shekaru yana sayar da abin da ya ƙera, yana biyan albashi daga kuɗin da abokan ciniki suka biya shi. A Najeriya misalan sanannu ne. SystemSpecs, wanda John Obaro ya kafa a 1992, shi ne ya samar da Remita, hanyar da duk ɗalibin jami'ar tarayya ya sani wajen biyan kuɗin makaranta, musamman tun da gwamnatin tarayya ta tilasta asusun bai ɗaya a 2015. Interswitch, wanda Mitchell Elegbe ya kafa a 2002, shi ke da katin Verve, kuma a 2019 Visa ta sayi wani kaso nasa a cinikin da ya kai darajar kamfanin dala biliyan ɗaya. Paystack da Moniepoint duk a 2015 aka kafa su, amma yanzu sun wuce a kira su jarirai: Stripe ta Amurka ta sayi Paystack a watan Oktoban 2020 a kan fiye da dala miliyan 200, na'urorin POS na Moniepoint kuwa ba sai an gaya wa ɗan kasuwar Gusau labarinsu ba.

Albashi a irin waɗannan kamfanoni a kan matakai yake. Ana ɗaukar mutum a matsayin ƙaramin injiniya, ya hau zuwa na tsakiya, sannan ya zama babban injiniya, daga nan hanya ta rabu biyu: ko ya ci gaba da zurfafa a fasaha har ya zama mai tsara ginin manhaja baki ɗaya, ko ya koma shugabancin ma'aikata. Kowane mataki yana da ƙasa da samansa, kuma abin da sabon ma'aikaci ya kamata ya fahimta shi ne cewa ƙarin da ake yi duk shekara a cikin mataki ɗaya ba ya da yawa, babban tsalle yana zuwa ne a lokacin da aka ɗaga mutum zuwa mataki na gaba, ko lokacin da ya canza kamfani. Don haka a ranar tattaunawa kan albashi, tambayar wane mataki aka ajiye ka ta fi muhimmanci a kan neman ƙarin naira dubu ashirin ko talatin. Mutum biyu za su iya fara aiki da albashi kusan ɗaya, amma ɗaya yana ƙasan matakin tsakiya, ɗayan kuma yana saman matakin farko, bayan shekara biyu sai tazarar ta bayyana.

Baya ga albashi akwai abubuwan da ba a gani a saƙon banki. Akwai kashi 10 na fansho da kamfani ke zubawa, da inshorar lafiya wadda a wurare da yawa takan haɗa da mata da 'ya'ya, da inshorar rai wadda dokar fansho ta ce kada ta gaza ninki uku na abin da ma'aikaci ke samu a shekara. Wasu kamfanonin suna ba da albashin wata na 13 ko ladan ƙwazo a ƙarshen shekara, suna kuma ba da kwamfutar aiki. Wanda ya taɓa kwantar da yaro a asibiti ya san darajar katin inshora.

Amma a ganina babbar ribar wannan hanya ita ce tarbiyyar aiki. A kamfanin da miliyoyin mutane ke tura kuɗi ta manhajarsa, ba a barin wani ya rubuta abu ya sake shi haka nan. Sai wani wanda ya fi shi gogewa ya duba layi bayan layi, ya mayar masa ya gyara, a gwada, sannan a sake. Yana ganin yadda ake farfaɗo da na'ura idan ta tsaya da tsakar dare, da yadda ake rubuta bayanin abin da ya jawo matsala ba tare da neman wanda za a ɗora wa laifi ba, da yadda ake tsare bayanan jama'a. Waɗannan abubuwa ba a koyon su a bidiyo, kuma jami'o'inmu ba su da kayan koyar da su. Da na gaba ake gane zurfin ruwa. Shekara uku a irin wannan wuri takan mayar da mai takardar digiri injiniya na gaske, sunan kamfanin kuma ya zauna a takardar tarihin aikinsa, yana buɗe masa ƙofa a duk inda ya nufa daga baya.

Ɗorewa fa? Ta fi ta sabon kamfani, amma kada a ɗauke ta kamar ta gwamnati. A watan Nuwamban 2022 Meta, mai Facebook, ta sallami ma'aikata 11,000, a Janairun 2023 Microsoft ta sanar da rage 10,000, Google kuma 12,000. A 2024 Microsoft ta rufe cibiyarta ta injiniyoyi da ke Legas, wadda samun gurbi a cikinta ya kasance burin matasa da yawa. Tun kafin nan, a Satumban 2019, Andela, mai horar da injiniyoyin manhaja tana haɗa su da kamfanonin waje, ta sallami ƙananan injiniyoyi kusan 400 a Najeriya da Kenya da Yuganda, bisa dalilin cewa abokan cinikinta manyan ma'aikata suke nema. Bambancin kawai shi ne wanda babban kamfani ya sallama yakan fita da haƙƙinsa da kuma suna mai kyau a takarda. Akwai kuma tarkon da ya kamata a kula da shi: wasu manyan kamfanoni da bankuna suna ɗaukar ma'aikata ta hannun wani kamfani na daban a matsayin 'yan kwantiragi. Za ka zauna a ofis ɗaya da sauran, ka yi aiki iri ɗaya, amma ba ka cikin tsarin ƙarin girma. Ka duba sunan da ke saman takardar ɗaukar aikin da kyau kafin ka sa hannu.

Shiga yana da wuya. Ana yin jarrabawar rubuta manhaja, sannan intabiyu biyu ko uku, yawanci ta bidiyo, kuma da Turanci. Yaranmu da yawa a nan suke faɗuwa, ba don rashin iya aiki ba, sai don ba su saba bayyana tunaninsu da baki ba yayin da suke warware matsala. Wannan abu ne da atisaye ke gyarawa cikin 'yan watanni. Zaman ma yana da nasa nauyin. Daga Gusau zuwa Abuja sai an bi ta Tsafe da Funtuwa da Zariya da Kaduna, hanyar da kowa ya san halin tsaronta, Legas kuwa tafiyar yini da dare ce a mota. Wanda iyayensa suka manyanta, ko shi ne babba a gida, dole ya sa wannan a lissafi. Wasu kamfanonin suna barin ma'aikaci ya yi wasu kwanaki a gida, wasu a ofis, amma hakan yana nufin gidanka na Legas ne, ba na Tudun Wada ba.

Sai batun riba. Yawancin manyan kamfanonin manhaja na Najeriya a harkar kuɗi suke, kuma wasu daga cikinsu suna ba da bashi da ruwa. Aikin wanda ke gina hanyar tura kuɗi daban yake da na wanda ke rubuta lissafin kuɗin ruwa, ko da a kamfani ɗaya suke. Ban isa in ba da fatawa ba, amma ina ba da shawarar ka tambayi sashen da za a kai ka tun kafin ka karɓa, ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa cikakken bayani. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana da zaɓi: bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya biyo baya a 2019, suna da sassan fasaha, haka ma kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin da ke aikin bayanan lafiya irin su eHealth Africa a Kano.

Sabon kamfani mai tasowa

Wannan shi ne kamfanin da ke rayuwa a kan kuɗin masu zuba jari, bai kai ga ciyar da kansa ba. Albashinsa ba shi da tsayayyen ma'auni. Wanda ya samo jari daga waje zai iya biya fiye da tsohon kamfani, wanda kuma bai samu ba zai roƙe ka ka yi haƙuri da kaɗan, ya cika maka da alkawarin hannun jari. Yadda aka saba tsara wannan alkawari shi ne a raba shi a kan shekara huɗu, kuma wanda ya bar aiki kafin ya cika shekara guda ba ya samun komai. Ko bayan ya mallaka, ba zai zama kuɗi ba sai an sayar da kamfanin ko an kai shi kasuwar hannun jari, abin da kaɗan ne ke kaiwa gare shi. Labarin Paystack gaskiya ne, amma labarin 54gene ma gaskiya ne, kamfanin da ya tara miliyoyin daloli ya kuma rufe a 2023. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ka lissafa hannun jarin a matsayin sifili, ka ga ko albashin shi kaɗai zai riƙe ka.

Abin da ke da kyau a nan shi ne saurin hawa. Inda ma'aikata goma ne, kowa yana taɓa komai, kuma cikin shekara biyu ana iya kiran ka shugaban sashe. Sai dai muƙamin da aka samu inda babu wanda ya fi ka sani ba ya da nauyi a waje, kuma kurakuran da ba wanda ya gyara maka sukan zama ɗabi'a. Tambayoyi biyu sun isa kafin karɓar irin wannan aiki: wata nawa kuɗin da ke asusun kamfanin zai iya biyan albashi, kuma wane ne zai riƙa duba aikina? Wanda ya ƙi amsa ta farko ya riga ya ba ka amsa.

Aikin dala daga gida

Wannan ce hanyar da ta fi jan hankalin matasa, kuma dalilin a fili yake. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100. Mai karɓar naira ya ga albashinsa yana narkewa a hannunsa, mai karɓar dala kuwa ya ga nasa ya ninka ba tare da an yi masa ƙari ba. Idan kuma yana zaune a Gusau, inda haya da abinci ba su kai na Legas ba, kusa da iyayensa, yana sallar Juma'a a masallacin unguwarsu, to a ma'auni na farko da na huɗu babu hanyar da ta kama ƙafar wannan.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kamfanonin waje gogaggu suke nema, waɗanda za a ba aiki su gama ba tare da an tsaya a kansu ba. Tun bayan fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 da sauran manhajojin da ke taya rubuta manhaja, ƙananan ayyukan da sabon shiga ke fara cin abinci da su a dandali irin su Upwork sun ƙara wuyar samu. Yawanci kuma a matsayin ɗan kwantiragi ake ɗaukar mutum, babu fansho, babu inshorar lafiya, kuma ana iya yanke aikin da sanarwar mako biyu. Harajinsa ma shi zai kai da kansa.

Akwai haɗarin da ya keɓanta da jiharmu. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a duk faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni babu kira babu intanet, mutane suna tafiya har Funtuwa da wasu garuruwan maƙwabta don su yi waya. Mai yi wa kamfanin Jamus ko Amurka aiki ba zai iya ɓacewa na makonni ya dawo ya tarar da aikinsa ba. Zuwan Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan adam, Najeriya a farkon 2023 ya rage wannan fargaba, amma sayensa da biyan kuɗin wata ba ƙaramin abu ba ne. Wutar lantarki ma ba abin dogaro ba ce, saboda haka sola da batura da inbata suna cikin jarin farko. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: matashin da aka san yana karɓar kuɗin waje a garin da ake satar mutane don kuɗin fansa dole ya iya bakinsa.

Aikin gwamnati

Ba sai an tsawaita a nan ba, domin kowa ya san shi. Mai digiri yana shiga a mataki na 8, ana duba ƙarin girmansa duk bayan shekara uku har zuwa mataki na 14, ya yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, kuma albashin sabon mai digiri a ma'aikatar jiha bai yi wa wannan nisa sosai ba. Hukumomin tarayya irin su NITDA da Galaxy Backbone sun fi biya, ana kuma taɓa aikin fasaha na gaske a cikinsu, amma gurabensu kaɗan ne. A yawancin ma'aikatu manhaja 'yan kwangila ake ba wa, ma'aikacin cikin gida kuma ya ƙare a gyaran firinta da shigar da bayanai, hannunsa yana mutuwa a hankali. Tsarin mulki ma ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ta kansa in ban da noma, don haka dabarar riƙe aikin ofis da safe a yi na dala da dare tana da matsala ta fuskar doka.

| Ma'auni | Babban kamfani | Sabon kamfani | Aikin dala | Gwamnati |
|---|---|---|---|---|
| Abin da ke ragewa a hannu | Matsakaici da farko, yana ƙaruwa da mataki | Ba tabbas | Mafi yawa, idan akwai aiki | Kaɗan |
| Fansho da inshora | Akwai | Wani wuri akwai, wani babu | Babu | Akwai fansho |
| Ɗorewa | Mai kyau, amma ana rage ma'aikata | Rauni | Rauni | Mafi ƙarfi |
| Koyon aiki | Mafi inganci | Da sauri, ba mai gyara | Sai wanda ya riga ya iya | Kaɗan |
| Wahalar shiga | Babba | Matsakaiciya | Babba ƙwarai ga sabon shiga | Gurabe kaɗan |
| Zama kusa da gida | Da wuya | Ya danganta | Ana iyawa | Ana iyawa a aikin jiha |

Wa ya dace da wace hanya

Wanda bai kai shekara uku da fara aiki ba, ba shi da iyali ko iyalinsa kaɗan ne, kuma akwai mai kula da iyaye a gida, ina ganin ya karɓi tayin babban kamfani ko da lissafin shekarar farko ya nuna ɗan abin da zai rage masa bai taka kara ya karya ba. Ya nemi abokan zama a raba haya, ya tabbatar ma'aikacin kamfanin ne kai tsaye, ya kuma sa wa kansa wa'adin shekara uku zuwa huɗu. Idan ya kai matakin tsakiya ko na babban injiniya, sauran hanyoyin duk suna buɗe masa, har da komawa Gusau da aikin dala a hannu.

Wanda ya riga ya yi waɗannan shekaru, yana da aikin da zai nuna, yana kuma da ajiyar da za ta riƙe gidansa wata shida idan kwantiragi ya yanke, aikin dala ya fi masa, da sharaɗin ya tanadi sola da hanyar intanet biyu, ya buɗe wa kansa asusun fansho da inshorar lafiya. Haka nan 'yar'uwar da aure ko yanayin gida ba zai bar ta ta koma Legas ba, gara ta nemi kamfanin Najeriya da ya kafu wanda ke ɗaukar masu aiki daga nesa, ko da albashin naira ne, domin ta sami masu duba aikinta kafin ta fuskanci kasuwar waje.

Sabon kamfani na wanda ke da burin kafa nasa ne wata rana, yake son ganin yadda ake yi daga tushe, kuma babu wanda zai kwana da yunwa idan albashi ya yi jinkirin wata biyu. Aikin gwamnati kuwa ya dace da wanda nauyin gida ya riga ya hau kansa, yana da gona ko yana son koyarwa, kuma kwanciyar hankali ta fi masa yawan kuɗi. Idan irin wannan mutum yana son hannunsa ya ci gaba da aiki, to koyarwa a jami'a ko kwalejin fasaha ta fi masa zaman ma'aikata, domin a can aƙalla zai riƙa rubuta manhaja tare da ɗalibansa.